Turancin Aji Ɗaya na Babbar Sakandare: Yadda Za Ka Gyara Karatunka da Rubutunka Tun Yanzu

Duk farkon shekarar karatu akwai gwajin da nake yi wa 'yan aji ɗaya na babbar sakandare. Nakan ba ɗalibi sakin layi ɗaya na Turanci ya karanta da ƙarfi, in ya gama in ce ya rufe littafin ya gaya mini da Hausa abin da marubucin ya ce. Wata shekara wata yarinya ta karanta nata tiryan-tiryan, ko tuntuɓe ba ta yi ba, har 'yan ajin suka tafa mata. Da na ce ta rufe littafin, sai ta sunkuyar da kai. Ba ta iya faɗin ko jimla ɗaya ba. Yarinyar tana da ƙwaƙwalwa, abin da ya faru shi ne shekara tara tana furta Turanci ba wanda ya taɓa tambayar ta ma'anarsa.

Wannan jagora domin irinta na rubuta shi. Zan riƙa cewa “ka”, amma har da ke nake, 'yata. Iyaye da yayye masu duba karatun yara a gida su ma za su samu abin yi a ciki.

Abin da ake nema gare ka a wannan aji bai wuce biyu ba: ka karanta abin da ba ka taɓa gani ba ka faɗe shi da kalmominka, sannan ka rubuta abin da ke ranka yadda wanda bai san ka ba zai gane. Mu a nan Allah Ya ba mu baiwar hadda, yaron da ya tashi a makarantar allo yakan riƙe shafi guda a zama ɗaya. Wannan baiwa za ta yi maka amfani wajen kalmomi da harrufansu. Amma nassin da za a kawo maka ranar jarrabawa sabo ne fil, ba ka da inda za ka haddace shi.

Mataki na farko: san inda aka dosa

Daga shigarka aji ɗaya zuwa jarrabawar WAEC da ake yi a zango na uku na aji uku, zangon karatu takwas ne kacal. Kuma ba ka samun gurbin jami'a sai da kiredit biyar, ciki har da Turanci. Don haka yana da kyau ka san siffar jarrabawar tun yau, tunda ba a fafe gora ranar tafiya.

A tsarin da WAEC ta daɗe tana bi, Turanci takarda uku ne. Ta farko tambayoyi 80 na zaɓi a kan kalmomi da ginin jimla, cikin awa ɗaya. Ta uku tambayoyi 60 a kan furuci, cikin minti 45. Ta biyu ita ce uwa, awa biyu, maki 100: insha'i maki 50, auna fahimta maki 20, taƙaitawa maki 30. NECO ma waɗannan fannoni take gwadawa. Ka nemi manhajar shekararku wajen malaminka don ka tabbatar, amma ka lura da abu ɗaya: rabin makin takarda ta biyu na karatu ne, rabi na rubutu. Duk abin da ke ƙasa a kan waɗannan biyun aka gina shi.

Mataki na biyu: karatu na kullum, daidai ƙarfinka

Ka ware minti ashirin kowace rana. Bayan asuba ya fi, kafin gida ya cika da hayaniya da aike. Ka zaɓi abin da bai fi ƙarfinka ba. Ga yadda za ka gane: buɗe shafi ɗaya, duk kalmar da ba ka sani ba ka naɗe yatsa. In hannu ɗaya ya ƙare kafin shafin ya ƙare, littafin ya yi maka nauyi a yanzu, ajiye shi ka nemi mai sauƙi. Ba abin kunya ba ne ɗan babbar sakandare ya koma littafin labarai na ƙaramar sakandare na wata biyu. Da rarrafe yaro kan tashi.

Akwai wata dabara da mu Hausawa muke da ita a hannu. Jaridar Aminiya da Daily Trust gida ɗaya ne, kuma sau da yawa labari ɗaya yakan fito a duka biyun. Haka sashen Hausa na BBC da na Turancinta. Ka fara karanta labarin da Hausa, sannan ka nemi takwaransa na Turanci. Tunda ka riga ka san abin da ya faru, hankalinka zai koma kan yadda aka faɗe shi, ka ga kalmar da suka sa a wurin “ambaliya” ko “kasafin kuɗi”. In wayar gidan ta yayanka ce, ka roƙe shi aron minti goma, ko ka nemi tsohuwar jarida wajen mai shago.

Kada ka tsaya a kowace kalma ka buɗe ƙamus, daɗin karatun zai gudu. Ka ja mata layi da fensir ka wuce, ka yi ƙoƙarin cankar ma'anarta daga maƙwabtanta. Bayan ka gama sai ka zaɓi biyar kawai ka duba. Ƙamus na Turanci zuwa Turanci wanda aka yi wa masu koyo ya fi, saboda yana kawo misalin jimla. Ka rubuta kalmar a littafinka tare da jimlar da ka same ta a ciki, sannan ka ƙirƙiro taka jimlar. Kalma biyar a rana, kwana biyar a mako, ka lissafa abin da za ka tara a zango ɗaya.

Sai kuma gwajin nan nawa: rufe littafin, ka faɗa wa ƙanenka ko mahaifiyarka da Hausa abin da ka karanta. In ka kasa, ba ka karanta ba tukuna, koma.

Mataki na uku: auna fahimta

Ka karanta nassin sau ɗaya da sauri don ka san maganar me ake yi. Sai ka karanta tambayoyin. Sai ka koma nassin a hankali, fensir a hannu, kana sa alama inda amsa take.

Tambayoyin kala-kala ne. Akwai wanda amsarsa tana kwance a fili. Akwai wanda sai ka haɗa biyu da biyu: in an ce mutum ya shigo yana karkaɗe laima, takalminsa duk taɓo, ba a ce ana ruwa ba, amma ka sani. Irin wannan ne ke raba ɗan ƙaramar sakandare da ɗan babba. Ka saba tambayar kanka, me marubucin yake nufi da bai faɗa ba, kuma yana goyon bayan abin ne ko yana suka?

Akwai tambayar sauya kalma da mai ma'ana irin tata. Nan yara ke zubar da maki a banza. In kalmar ita ce *abandoned*, amsarka *deserted* ce, ba *desert* ba. Lokacin aikatau, da tilo ko jam'i, dole su zo daidai da na asali. Ka cire kalmar, ka sa taka a gurbinta, ka karanta jimlar gaba ɗaya. In ta zauna daram, ka dace.

Sai tambayar sunan nahawu da aikinsa, wadda ɗalibai ke tsoro kamar dodo alhali ta fi kowacce sauƙin kamawa. Ɗauki wannan: *When the rain stopped, the children went out.* In an ja layi ƙarƙashin *When the rain stopped*, fara da neman aikatau mai nuna lokaci a ciki. Akwai *stopped*, to ganga ce, wato *clause*. Da babu, da yankin jimla ne, wato *phrase*. Sannan ka tambaya, wace tambaya take amsawa? Tana amsa “yaushe”, don haka *adverbial clause of time* ce, aikinta kuwa tana ƙara bayani a kan aikatau *went*. Ka yi irin wannan guda uku kowane mako, kafin aji biyu ka daina jin tsoronta.

Mataki na huɗu: taƙaitawa

A nan zan daɗe, don nan ne ake gane wanda ya fahimta da wanda ya kwafa. Maki 30 ne, kuma mafi yawan yara suna ɗebo jimlolin nassin ne yadda suke su zuba. Masu duba takarda suna rage maki a kan kwafe kai tsaye, da cusa abin da ba a tambaya ba, da amsar da ba cikakkiyar jimla ba.

Ka riga ka iya taƙaitawa da Hausa. In mahaifinka ya aike ka wajen baffanka, baffa ya yi ta zance rabin awa, in ka dawo ba ka maimaita duka. Cewa kake yi, “Ya ce ba zai samu zuwa ba sai jibi, saboda motarsa ta lalace.” Ka zubar da gaisuwa da misalai da maimaici, ka riƙe ƙashin maganar. Abin da ake so ka yi da Turanci ke nan.

Ga misali:

*Many farmers lose a large part of their tomatoes before they reach the market. The roads are full of potholes, the lorries often break down, the baskets are piled on one another, and there are no cold rooms to keep the fruit fresh.*

Tambaya: a jimla ɗaya, faɗi dalilin asarar manoman.

Fara da Hausa a zuciyarka. Ramukan hanya da lalacewar motoci, duka matsalar sufuri ce. Jibga kwanduna da rashin ɗakin sanyi, duka matsalar ajiya ce. Abu huɗu sun koma biyu. Sai ka rubuta: *Farmers lose their tomatoes because of poor transport and storage.* Kalma goma, kuma ba abin da ya ɓace.

Sirrin shi ne neman kalmar da ke rufe 'yan'uwanta. Gero da dawa da masara, hatsi. Zazzaɓi da tari da gudawa, cututtuka. Ka tara irin waɗannan na Turanci: *crops, diseases, facilities, vehicles, equipment*. Sannan ka san alamomin da ke nuna misali ya fara, irin su *for example, for instance, such as*. Abin da ya biyo bayansu galibi ba ya shiga taƙaitawa. Su kuwa *first, another, moreover, however, finally* suna nuna an buɗe sabon batu, nan za ka kasa kunne.

In an ce jimla uku, ka ba da uku, kowace a layinta da lambarta, kowace da mai aiki da aikatau. Aikin gida: kowane sakin layi da ka karanta da safe, ka mayar da shi jimla ɗaya a rubuce. Ba ya cin minti biyar.

Mataki na biyar: gyara jimla kafin insha'i

Ba a ɗora jinka a kan katangar da ba ta bushe ba. Kafin ka damu da doguwar insha'i, ka tabbatar jimlarka tana tsaye. Yawancin kurakuranmu Hausa ce ke leƙowa ta ƙarƙashin Turanci, kuma in ka san hanyar da take bi, ka kama ta.

Muna cewa “Musa ya tafi”, suna da wakilinsa tare. Sai yaro ya rubuta *Musa he went*. Turanci ɗaya yake ɗauka: *Musa went*. Kalmarmu “ji” tana aiki da yawa, muna jin magana, muna jin wari, muna jin yunwa, Turanci kuwa kowanne da tasa: *hear, smell, feel*. Muna shan magani ko da ƙwaya ce, su kuma *take medicine* suke cewa. A Hausa aikatau ba ya sauyawa don lokaci, ɗan wakilin da ke gabansa ne ke sauyawa: ya tafi, zai tafi, yana tafiya. A Turanci aikatau ɗin kansa ne ke sauya riga: *go, went, gone*. Shi ya sa yaro zai fara labari da *went*, a layi na uku ya koma *go* bai sani ba. Nan baiwar hadda za ta yi maka rana: ka haddace jerin aikatau marasa bin ƙa'ida, goma kowane mako.

Sai ƙaramin *s* ɗin nan na *he goes, she writes*, da *a* da *the* da muke mantawa. Akwai kuma kalmomin da ba a jam'inta su: *advice, information, furniture, luggage, equipment*. Abu ɗaya da muka fi wasu sa'a a kai shi ne *he* da *she*, tunda mu ma muna da “ya” da “ta”.

Furuci ma yana shiga rubutu. Wanda bai raba *p* da *f* a baki ba zai rubuta *fan* yana nufin *pan*, haka *b* da *v* a *ban* da *van*. Hausa wasali biyar gare ta, gajeru da dogaye, da tagwai irin su “ai” da “au”. Turancin Ingila da ake gwadawa a takarda ta uku yana da sautin wasali kusan 20. Ka sa wani ya riƙa yi maka shifta ta jimla biyar sau biyu a mako, za ta gyara kunne da hannu a lokaci ɗaya.

Alamomin rubutu kuwa ba su da wuya, sakaci ne ke kayar da mutane. Babban baƙi a farkon jimla, da sunan mutum, gari, rana, wata, da kalmar *I* ko'ina ta zo. Aya a ƙarshe. Kada ka jera jimloli biyar da waƙafi kamar ayarin raƙuma. Salon rubutun waya, irin *u* da *bcos*, ka bar shi a waya.

Mataki na shida: sakin layi, sannan insha'i

Sakin layi ɗaya, batu ɗaya. Jimlar farko ta faɗi batun, biyu ko uku su kawo dalili da misali. A zangon farko kada ka wuce nan: sakin layi ɗaya mai kyau kowace rana, a kan abin da ka sani da idonka, kamar layin famfo a unguwarku, ko ranar kasuwar garinku, ko yadda ake shirin Sallah a gidanku. A zango na biyu ka haɗa uku. A na uku ka kai ga cikakkiyar insha'i.

WAEC takan kawo tambayoyi biyar ka zaɓi ɗaya, tana neman kalmomi 450, ana kuma shawartar ka ba ta minti 50. Ga yadda ake raba makin 50: abin da ka faɗa 10, tsari 10, iya sarrafa harshe 20, tsabtar rubutu daga kurakurai 10. A wannan na ƙarshe, kowane kuskuren nahawu ko harafi ko alamar rubutu yana cin rabin maki. Kuskure 20 ya share goman baki ɗaya, kuma a kalmomi 450 ba wuya a yi 20. Saboda haka nake ce wa ɗalibaina gajeriyar jimla mai lafiya ta fi doguwa mai ɗingishi. Manyan kalmomin da ake haddacewa don burge malami ba sa ƙara komai in ba su zauna a wurinsu ba. Ni dai na fi son yaron da ya rubuta *The road is bad and cars cannot pass* a kan wanda ya jibgo kalmomin da shi kansa bai san ma'anarsu ba.

Minti biyar na farko na tsari ne. Karanta tambayar sau biyu, ja layi ƙarƙashin abu uku: wa ake rubuta wa, wane irin rubutu ne, batu nawa aka nema. In an ce dalilai uku, to uku, kowanne da sakin layinsa. Rubuta su a gefe da kalma bibbiyu. Ba laifi ka yi tunanin batutuwan da Hausa, amma jimlar kanta ka gina ta da Turanci, kada ka fassara kalma bayan kalma. Minti arba'in na rubutu, biyar na ƙarshe na dubawa.

Ire-iren rubutun da za ka iya kafin ƙarshen aji ɗaya su ne wasiƙa, labari, siffantawa, bayani, muhawara, jawabi da maƙalar jarida. Wasiƙa ce ta fi ƙa'ida. Ta hukuma tana da adireshi biyu, kwanan wata, *Dear Sir* ko *Dear Madam*, kanu, a rufe da *Yours faithfully*, sa hannu da cikakken suna. Ba a tambayar shugaban ƙaramar hukuma lafiyar iyali a cikinta, duk da cewa a al'adarmu shiga magana ba gaisuwa rashin ladabi ne. A wannan wasiƙar ladabin shi ne ka tafi kai tsaye. Ta zumunci adireshi ɗaya ce, *Dear* da sunan mutum, gaisuwa da hira yadda ka ga dama, a rufe da *Yours sincerely* da sunanka na farko kawai. Labari kuma ka riƙe shi a lokacin da ya shuɗe daga farko har ƙarshe, ka ɗauko shi daga rayuwar da ka sani. Muhawara ka zaɓi gefe ɗaya ka tsaya a kai.

Don ka san tsawon kalmomi 450 a rubutun hannunka, ƙirga kalmomin layi biyar, ka raba biyar, ka ga nawa kake sawa a layi. In tara ne, layi 50 kake bukata. Ka yi wannan lissafin sau ɗaya a gida, ba sai ka ɓata lokacin jarrabawa kana ƙirge ba.

Mataki na bakwai: littafin kurakurai

A ajin da ɗalibai suka haura tamanin, malami ɗaya ba zai iya duba insha'in kowa duk mako ba, ko da yana so. Don haka ka koyi duba kanka. Ka ajiye rubutun ya kwana, washegari ka karanta shi da ƙarfi, kunne yakan kama abin da ido ya tsallake. Ka bi shi sau uku, kowane bi da abin da kake farauta: na farko aikatau da lokacinsa, na biyu babban baƙi da aya, na uku harrufan kalmomi. Ku haɗu ku uku ku riƙa musayar littattafai ranar Asabar.

Duk lokacin da malami ya dawo maka da jinga da jan biro, kada ka duba maki kawai ka cusa a jaka. Ka sayi ƙaramin littafi mai shafi ashirin, ka raba kowane shafi gida biyu, hagu abin da ka rubuta, dama yadda ya kamata. Bayan wata guda za ka ga kurakuranka ba su da yawa kamar yadda kake zato, guda biyar ko shida ne suke ta dawowa. Yarinyar nan da na ba ka labarinta, nata uku ne: tana mance *s* a aikatau, tana sauya lokaci a tsakiyar labari, tana kwafe jimla a taƙaitawa. Muka ɗauki ɗaya kowane wata. A zango na uku na sake ba ta sakin layi, ta rufe littafin da kanta kafin in ce, ta faɗa mini ma'anarsa da Hausa, sannan ta rubuta shi a allo da Turanci cikin jimla ɗaya.

Kafin ka fara kowace sabuwar insha'i, ka buɗe wannan littafin ka karanta shafin ƙarshe, sannan ka ɗauki biro.